Daga Ajin Jami'a Zuwa Kasuwar Gero: Karatun Tattalin Arziki a Aikace

Shirin faɗakarwa na wannan mako ya karkata ne ga wani reshe na ilimi wanda sakamakonsa yake taɓa aljihun kowa, har da wanda bai taɓa jin sunansa ba, wato ilimin tattalin arziki a aikace, da yadda ake karanta shi bayan digiri na farko, a matakin digiri na biyu da kuma na uku, wanda ake kira digirin digirgir. An tsara bayanin ne domin ɗaliban da suka kammala jami'a suna shawarar ci gaba, da iyayen da za su ɗauki nauyinsu, da kuma duk wanda yake jin ana karanto alƙaluman hauhawar farashi ko na rashin aikin yi a labarai, yana so ya san wane irin horo masu haɗa su suka samu kafin a yarda da lissafinsu.

Ilimin tattalin arziki yana da ɓangaren ra'i, wato tsararren tunani game da yadda mutane suke yanke shawara idan abin hannunsu bai kai bukatunsu ba, yana kuma da ɓangaren aikace, inda ake ɗaukar wannan tunani a kai shi wani wuri sananne a wani lokaci sananne, a gwada shi da alƙaluma. Ra'i yana cewa idan abu ya yi tsada masu sayensa za su ragu, maganar da duk mai kasa tumatir a bakin hanya ya sani tun kafin a rubuta ta a littafi. Tambayar masanin aikace ita ce nawa ne za su ragu, su wane ne za su fara janyewa, kuma cikin wata nawa. Lokacin da gwamnatin Nijeriya ta sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, babu wanda ya bukaci digiri kafin ya san kuɗin mota zai tashi. Abin da yake bukatar horo shi ne a tantance kashi nawa na tsadar buhun masara a kasuwar Dawanau ya samo asali daga kuɗin dakon kaya, kashi nawa daga faɗuwar darajar naira wadda ta biyo baya cikin 'yan makonni, kashi nawa kuma daga rashin tsaron da ya hana noma a wasu yankuna, domin abubuwan uku sun zo ne a cakuɗe, alhali kowannensu maganinsa daban.

Fannin bai samu cikakkun kayan aikinsa ba sai a ƙarni na 20, lokacin da aka haɗa ra'i da lissafi da ƙididdiga aka samar da ilimin awon tattalin arziki, wanda ɗalibai suke kira ikonometiriks. Ragnar Frisch ɗan ƙasar Nowe, wanda ya raɗa masa suna, shi ne ya raba kyautar Nobel ta farko a tattalin arziki da Jan Tinbergen na Holan a 1969. A Amurka kuwa, sassan jami'o'i da dama da suke ɗauke da sunan tattalin arziki a aikace a yau, kamar na Jami'ar Minesota da na Jami'ar Cornell, asalinsu sassan tattalin arzikin noma ne, waɗanda suka faɗaɗa suka shiga batun muhalli da lafiya da abinci da raya ƙasa. Wannan tarihi yana da amfani ga ɗalibin da ya karanta tattalin arzikin noma a Zariya ko Sakkwato ko Yamai, domin ƙofar fannin a buɗe take gare shi daidai da wanda ya karanta tattalin arziki zalla.

Shekarar farko ta babban digiri, a kusan kowace jami'a, tana tafiya ne a kan darussa uku: nazarin shawarar ɗaiɗaikun magidanta da kamfanoni da yadda suke haɗuwa a kasuwa, da nazarin tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya, wato kuɗi da haraji da bashi da hauhawar farashi, sai kuma ilimin awon da aka ambata. Abin da yakan girgiza sabon ɗalibi shi ne yaren da ake koyar da su, domin abin da ya saba rubutawa da dogon bayani a digiri na farko, a nan cikin alamomin lissafi ake faɗinsa. Ana bukatar kalkulas, wato lissafin yadda abu yake canjawa idan wani abu ya canja kaɗan, da aljabarar jerin lambobi, da lissafin yiwuwar aukuwar abu. Wanda ya zaɓi tattalin arziki tun asali domin gudun lissafi, a wannan mataki ne lissafin yake cim masa, kuma gara ya gyara wannan rauni kafin ya biya kuɗin rajista.

Sai dai lissafin hanya ce kawai zuwa ga tambaya guda wadda dukkan horon yake kewayawa, wato yadda za a bambance abin da ya haddasa wani abu da abin da kawai ya zo tare da shi. Carar zakara kullum tana zuwa tare da alfijir, amma ba ita take kawo shi ba, kuma alƙaluman tattalin arziki cike suke da irin wannan haɗuwa. A ɗauki misalin takin zamani. Idan aka zagaya ƙauye aka tarar cewa manoman da suka zuba taki sun fi waɗanda ba su zuba ba yawan dami, saurin yanke hukunci zai ce takin ne ya kawo bambancin duka. Amma wanda ya iya sayen taki sau da yawa shi ne mai shanun huɗa, shi ne mai gona a wuri mai kyau, shi ne kuma mai kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago a daidai lokacin da ciyawa ta taso, ta yadda ko bai zuba taki ba zai fi maƙwabcinsa girbi. Abin da ake son sani shi ne abin da wannan manomi da kansa zai samu a wannan gona da kanta da bai zuba takin ba, kuma wannan ba ya ganuwa, tun da gona ɗaya ba ta yin damina ɗaya sau biyu. Dukkan dabarun da ake koya wa ɗalibi ƙoƙari ne na samo wani rukuni na mutane da zai tsaya a madadin wannan abin da bai faru ba.

Dabara mafi sauƙin fahimta ita ce gwaji ta hanyar ƙuri'a, wadda aka aro daga masu gwajin magunguna. Idan ƙuri'a ce ta zaɓi wanda zai samu tallafi, to masu hali da marasa hali, masu ƙwazo da malalata, za su rarrabu daidai a rukunin da ya samu da wanda bai samu ba, sai ya zama duk bambancin da aka gani daga baya tallafin ne ya kawo shi. Nijeriya tana da misali sananne a shirin YouWiN, gasar tsarin kasuwanci da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2011, inda aka zaɓi wani kaso mai yawa na waɗanda suka yi nasara ta hanyar ƙuri'a daga cikin waɗanda suka kai matakin kusa da ƙarshe, kowannensu ya samu abin da ya kai kimanin dala 50,000 a matsakaicin lissafi. David McKenzie na Bankin Duniya ya bi sawun rukunonin biyu na wasu shekaru, ya wallafa sakamakon a 2017, inda ya nuna cewa waɗanda suka samu kuɗin sun fi buɗe sana'a, sana'arsu ta fi ɗorewa, sun kuma fi ɗaukar ma'aikata. A gundumar Busia ta Kenya, Michael Kremer da Edward Miguel sun nazarci makarantun firamare 75 da aka riƙa ba ɗalibansu maganin tsutsar ciki rukuni bayan rukuni, suka gano cewa fashin makaranta ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Irin waɗannan ayyuka ne suka sa aka ba Kremer da Abhijit Banerjee da Esther Duflo kyautar Nobel a 2019. Dabarar tana da masu suka, cikinsu har da Angus Deaton wanda ya samu kyautar a 2015, kuma sukarsu tana da ƙarfi: abin da ya yi aiki a Busia ba lalle ya yi a Birnin Ƙonni ba, sannan manyan tambayoyi, kamar darajar kuɗin ƙasa ko rufe kan iyaka, ba a iya jefa musu ƙuri'a.

Inda ƙuri'a ba ta yiwuwa, sai a nemi gwajin da yanayi ya samar da kansa, wato wani lamari da ya sauka a kan wasu mutane ya tsallake makamantansu. A watan Afrilu na 1992 jihar Niyu Jazi ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa dala 5.05 a sa'a, maƙwabciyarta Fensilbeniya kuma ba ta taɓa nata ba. David Card da Alan Krueger suka tattara bayanan gidajen sayar da abinci 410 a ɓangarorin biyu, kafin ƙarin da bayansa, suka kwatanta canjin da aka samu a nan da canjin da aka samu a can, dabarar da ake kira bambanci a kan bambanci. Ba su ga alamar cewa ƙarin albashin ya rage ayyukan yi ba, saɓanin abin da littattafan aji suke koyarwa a lokacin. An yi ta musu a kan sakamakon shekara da shekaru, wasu masana sun sake lissafin da wasu alƙaluman suka samu akasi, amma hanyar da suka bi ta zauna, kuma tana cikin dalilan da suka sa Card ya samu kyautar Nobel a 2021 tare da Joshua Angrist da Guido Imbens, shekara biyu bayan rasuwar Krueger.

Ga waɗanda suka kama tashar yanzu, shirin yana bayani ne a kan karatun tattalin arziki a aikace bayan digiri na farko, kuma ya iso inda wannan ilimi ya haɗu da ƙasar Hausa, domin wasu daga cikin ayyukan da ake koyarwa a manyan jami'o'in duniya a kasuwanni da ƙauyukan wannan yanki aka yi su.

Tsakanin 2001 da 2006 sabis ɗin wayar salula ya riƙa shiga garuruwan Nijar ɗaya bayan ɗaya, wata kasuwa ta samu bana, wata sai baɗi, wata sai bayan shekara uku. Jenny Aker, wadda take karatun digirin digirgir a sashen tattalin arzikin noma na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta ga cewa wannan jinkiri tsakanin gari da gari gwaji ne da ba wanda ya shirya. Kafin zuwan waya, ɗan kasuwar hatsi da yake son sanin kuɗin gero a wata kasuwa sai ya hau mota ya je, ko ya jira wani ya dawo da labari wanda watakila ya riga ya tsufa, shi ya sa ana iya samun gero yana araha a wani gari yana tsada ƙwarai a wani, ba tare da kaya sun tashi daga nan zuwa can ba. Ta haɗa alƙaluman farashin da hukumomin Nijar suke tattarawa daga kasuwanni da tambayoyin da ta yi wa 'yan kasuwa, ta kwatanta tazarar farashi tsakanin kasuwanni biyu kafin su samu sabis da bayan sun samu, sannan ta auna wannan da kasuwannin da sabis bai kai ba tukuna. Sakamakon da ta wallafa a 2010 ya nuna cewa tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, kuma raguwar ta fi yawa tsakanin kasuwannin da tafiya tsakaninsu take da tsada. Duk dillalin hatsi a Maraɗi ya san waya ta sauƙaƙa masa aiki. Abin da binciken ya ƙara shi ne awo, da hujjar cewa wayar ce ta yi aikin, ba kyan damina ko gyaran hanya ba.

Kafin wannan, a 1988 da 1989, Christopher Udry, ɗalibin digirin digirgir daga Jami'ar Yale, ya zauna yana bibiyar magidanta kimanin 200 a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya, yana rubuta bashin da suke bayarwa da wanda suke ci. Littattafan lokacin sun ɗauka cewa bashin karkara yana tafiya ne da jingina da ƙayyadadden kuɗin ruwa. Abin da ya tarar daban ne: kusan dukkan basussukan tsakanin 'yan uwa ne da mutanen gari ɗaya, yawanci ba takarda ba jingina, kuma abin da za a biya yana bin halin da ɓangarorin biyu suka shiga. Idan ambaliya ko ƙwari suka ci gonar wanda ake bi, ko rashin lafiya ya shiga gidansa, sai a ɗaga masa ƙafa ko ya biya ƙasa da yadda zai biya. Idan kuma mai bin bashin ne masifa ta samu, sai wanda ya ci ya gaggauta, har ma ya ƙara wani abu. Udry ya nuna da alƙaluma cewa wannan bashi yana yin aikin inshora, wato raba asara tsakanin mutane, kuma yana yiwuwa ne domin a ƙauye kowa ya san gaskiyar abin da ya samu gonar kowa. Tun a tsakiyar shekarun 1960 ma, David Norman da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun bi gonakin Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka tabbatar da cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda malaman gona na lokacin suke ɗauka ci baya ne, ya fi shuka iri ɗaya amfani a kowace eka, ya kuma fi kare manomi idan damina ta saɓa. Polly Hill ita ma ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, littafinta na 1972 ya nuna tazarar arziki da take tsakanin manoman ƙauye ɗaya, waɗanda masu tsara manufofi suke yi wa kuɗin goro.

Abin lura a waɗannan ayyuka shi ne dukkansu baƙi ne suka yi su, da taimakon tafintoci da masu tattara bayanai 'yan ƙasa, a kan abubuwan da ɗan yankin ya tashi yana gani a gidansu. A nan ne ya kamata a faɗi wata magana mai ɗaci game da kundayen binciken da ake rubutawa a sassan tattalin arziki da yawa a Nijeriya. Take ɗaya ne yake ta maimaituwa da ɗan canji: tasirin abu kaza a kan bunƙasar tattalin arzikin Nijeriya daga 1981 zuwa wata shekara ta kusa. Ɗalibi yakan kwafo alƙaluman shekara-shekara daga mujallar ƙididdiga ta Babban Bankin Nijeriya, ya zuba su a manhajar EViews, ya fito da tebur, ya rubuta shawarwari ga gwamnati. Matsalar ita ce shekara 40 lamba 40 ce kacal, kuma cikin waɗannan shekaru an yi shirin gyaran tattalin arziki na 1986, an yi mulkin soja da na farar hula, farashin ɗanyen mai ya hau ya faɗi sau da dama, yawan jama'a ya ninka, ta yadda kusan kowace lamba tana tashi tare da 'yar uwarta. Daga irin wannan ba a iya ware sababi, kome kyan manhajar. Laifin ba na ɗalibi kaɗai ba ne, domin fita ƙauye yana bukatar kuɗin da ba a ba shi, malami ɗaya kuma yakan duba kundaye fiye da ƙima. Amma sakamakon shi ne tambayoyin adashi, da bashin da ake biya da hatsi a kaka, da yadda farashin dabbobi yake tafiya gabanin babbar salla, suna nan suna jiran mai auna su.

Uzurin rashin bayanai ma ya ragu. Tun daga 2010 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da haɗin gwiwar Bankin Duniya, take bibiyar magidanta kimanin 5,000 a faɗin Nijeriya, ana ziyartarsu bayan shuka da bayan girbi, ana komawa gidajen nan dai bayan 'yan shekaru, kuma Nijar ta yi makamancin wannan a 2011 da 2014. Ana sauke bayanan kyauta daga intanet. Wanda ya buɗe su ne yake gane cewa rabin aikin masanin aikace tsaftace alƙaluma ne. Mai tambaya ya tsaya a zaure da na'urarsa, maigida ya ce ya samu dami kaza na gero, uwargida ta ce ana auna tiya kaza a mako, wani gidan kuma da mudu suke lissafi, kuma kafin a kwatanta su sai an mayar da kowanne zuwa kilo, alhali damin wani yanki bai kai na wani ba, tiyar wata kasuwa kuma ta fi ta wata cika. Girman gona ma haka: da aka fara zagaya gonaki da na'urar GPS, sai aka ga masu ƙananan gonaki sukan faɗi fiye da abin da suke da shi, masu manya kuma sukan faɗi ƙasa. Kuskure kaɗan a nan yana iya juya sakamakon bincike gaba ɗaya, kuma ɗalibin da ya san bambancin tiya shafe da tiya mai tozo yana da abin da ba a koyarwa a aji.

Manyan alƙaluman ƙasa su ma ba su tsira daga wannan ba. A watan Afrilu na 2014 Hukumar Ƙididdiga ta sabunta shekarar da take ɗora lissafin arzikin cikin gida a kanta daga 1990 zuwa 2010, domin tsohon ma'aunin bai san da bunƙasar kamfanonin waya da masana'antar fim ba, sai ga jimillar arzikin 2013 ta kusa ninkawa zuwa kimanin dala biliyan 510, Nijeriya ta wuce Afirka ta Kudu a takarda, ba tare da ko kwabo ya ƙaru a aljihun kowa ba. Haka kuma rashin aikin yi, wanda aka ce ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, ya koma kashi 4.1 a farkon 2023, saboda an bar tsohon ma'aunin da yake ɗaukar mai aikin ƙasa da sa'a 20 a mako a matsayin marar aiki, aka koma ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya wanda yake ƙirga ko da aikin sa'a ɗaya. Babu ƙarya a ɗaya daga cikin lambobin biyu, amma wanda ya jera su a layi ɗaya ya ce rashin aiki ya ragu, ya yaudari mai sauraronsa.

Game da inda ake karatun, tsarin ya bambanta. A Nijeriya digiri na biyu yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙa'ida, ko da yake yajin aiki da jiran kare kundi sukan ja shi, kuma wajibi ne ɗalibi ya bambance digirin bincike, wanda yake kaiwa ga digirin digirgir, da digirin ƙwarewar ma'aikata, wanda yawanci ba ya kaiwa. A Nijar ana bin tsarin shekara uku na digiri na farko, biyu na digiri na biyu, uku na digirin digirgir. A Ingila digiri na biyu shekara ɗaya ne, a Amurka kuma digirin digirgir yakan ci shekara biyar zuwa shida, biyun farko a aji da jarrabawa mai tsanani, kuma sassa da yawa suna yafe kuɗin makaranta su biya ɗalibi alawus a madadin taya malamai koyarwa ko bincike. A cikin Afirka akwai Gamayyar Binciken Tattalin Arzikin Afirka, wadda aka fi sani da AERC, da aka kafa a Nairobi a 1988, tana haɗa jami'o'i da dama, har da ta Ibadan, a shirye-shiryen digiri na biyu da na uku; akwai kuma Makarantar Tattalin Arziki ta Afirka da Leonard Wantchekon ya kafa a Jamhuriyar Benin a 2014. Malaman manyan makarantun gwamnati a Nijeriya suna iya neman tallafin asusun TETFund. Wuraren aiki kuwa sun haɗa da manyan bankunan ƙasa, da hukumomin ƙididdiga da tsare-tsare, da cibiyoyin bincike, da bankunan kasuwanci, da hukumomin duniya. Ngozi Okonjo-Iweala, wadda ta zama shugabar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2021, kundin digirinta na 1981 a jami'ar MIT a kan bashin karkara da noman Nijeriya ta rubuta shi, Akinwumi Adesina kuma, wanda ya shugabanci Bankin Raya Afirka, tattalin arzikin noma ya karanta a Jami'ar Purdue ya kammala a 1988. Sunan jami'a yana da tasiri, amma malamin da zai duba kundi ya fi shi, kuma ana gane malami ne ta hanyar karanta abin da ya wallafa a 'yan shekarun nan da tambayar ɗalibansa tsawon lokacin da suka ɗauka kafin su gama.

Akwai wani atisaye da ya cancanci ɗalibi ya yi tun yana jiran gurbin karatu, wato ya ɗauki binciken da aka riga aka wallafa ya sake lissafinsa daga tushe, ya ga ko zai samu abin da marubutan suka samu. A 2010 mashahuran masana biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun wallafa cewa ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 cikin 100 na arzikin cikin gida, matsakaicin bunƙasarsu yakan faɗi ƙasa da sifiri kaɗan, kuma 'yan siyasa a Turai da Amurka sun riƙa kafa hujja da wannan wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 Thomas Herndon, ɗalibin babban digiri a Jami'ar Masachusets da ke Amherst, wanda aka ba aikin aji na sake lissafin wani bincike, ya yi ta yi lambobinsa ba su dace da nasu ba, har ya nemi teburinsu na Excel suka aiko masa. A ciki ya tarar an tsallake ƙasashe biyar wajen fitar da matsakaici, ga wasu shekaru da aka bari a waje, ga kuma wata hanyar auna nauyin ƙasashe mai ayar tambaya. Da shi da malamansa Michael Ash da Robert Pollin suka gyara, sai lambar ta koma bunƙasar kashi 2.2 cikin 100. Marubutan sun amsa kuskuren teburin, ko da yake sun tsaya a kan cewa yawan bashi yana tafiya da raguwar bunƙasa. A yau manyan mujallun fannin da dama, har da na Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Amurka, suna wajabta wa marubuta su ajiye alƙalumansu da umarnin kwamfutar da suka yi amfani da shi inda kowa zai iya saukewa. Manhajar Stata da ake yawan amfani da ita ta kuɗi ce, amma R da Python kyauta ne, kuma ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka ta isa ta ɗauki bayanan magidanta 5,000.